Wa zai tsaya wa baƙo idan na'ura ce ke rabon yarda?

Nan da ƴan shekaru, ba mutum ne zai riƙa yanke hukuncin ko a ranta maka jikka ashirin ta waya ba, ko a ba ka kaya bashi, ko a turo maka fasinja in kabu-kabu kake yi. Manhaja ce za ta tambayi wata manhaja, ita ma ta tambayi wata, su haɗa abin da suka sani a kanka su fitar da lamba. Wasu ƙasashe sun riga sun kai can. A Kenya tun 2012 manhajar rance ta M-Shwari take duba yadda mutum ke amfani da layinsa da kuɗin wayarsa, ta yanke nawa za a ranta masa, babu wanda ya ga fuskarsa. Mu ma a Damagaram mun kama hanyar. Kuɗinmu na bin Nita da Amana da Airtel Money, cinikinmu ya koma saƙon murya a WhatsApp, ga kuma ofishin tattara tarihin bashin mutane da aka kafa ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO don ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa. Ban ƙi wannan tafiya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda za a yi da mutumin da na'ura ba ta sani ba, don irinsa ne suka fi yawa a garin nan.

Masana kwamfuta suna ce wa irin waɗannan manhajoji wakilai, saboda suna aiki a madadin wani: su nemo, su zaɓa, su biya, ba sai sun koma wurin mai su kowane lokaci ba. Wakilin da ya tarar da masu hidima goma, kowa na cewa shi ne gwani, dole ya ɗauki ɗaya. Ba ya ganin ido, ba ya jin amon murya, bai san ɗan gidan wa ake ba. Abin da ke hannunsa kawai tarihin mu'amala ne. Tun 1994 Stephen Marsh ya rubuta kundin digirinsa na uku a jami'ar Stirling ta Birtaniya kan yadda za a mayar da yarda abin lissafawa. A 2002 Audun Jøsang da Roslan Ismail suka fitar da tsarin da har yau ake gina wasu a kansa, asalinsa kuwa yana komawa ga lissafin Thomas Bayes da aka wallafa a 1763 bayan rasuwarsa, da ƙa'idar da Laplace ya kawo daga baya.

Ƙa'idar ba ta da wuya, ɗan sakandare zai yi ta a bayan littafi. Ka ƙirga sau nawa mutum ya cika alkawari, ka ƙara ɗaya. Ka ƙirga duk mu'amalar da aka yi da shi, ka ƙara biyu. Ka raba na farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne ƙiyasin yiwuwar zai cika alkawari a karo na gaba. Wanda aka yi hulɗa da shi sau 2 ya cika duka, yana samun 3 bisa 4, wato kashi 75 cikin 100. Wanda aka yi da shi sau 100 ya cika 90, yana samun 91 bisa 102, kusan kashi 89. Ka ga wanda ya saɓa sau goma ya fi wanda bai taɓa saɓawa ba, kuma hakan daidai ne, don an daɗe ana gwada shi. Ina ganin hikima a nan. Lissafin ba ya ruɗuwa da alheri biyu na farko, ba ya kuma yanke wa mutum ƙauna kan tuntuɓe ɗaya. Akwai ma gyaran da aka yi masa don tsofaffin mu'amaloli su riƙa rage nauyi a hankali, wanda ya gyara halinsa ya farfaɗo, wanda ya lalace daga baya kada ya ci gaba da cin tsohon suna.

To amma ɗauki mutum biyu. Na farko bai taɓa mu'amala da kowa a cikin tsarin ba: sifiri a ƙara ɗaya, bisa sifiri a ƙara biyu, ya samu rabi, kashi 50. Na biyu an yi hulɗa da shi sau 100, ya cika 50 ya cuci mutane 50: 51 bisa 102, shi ma kashi 50 cif. Lamba ɗaya ga baƙon da bai yi wa kowa komai ba da wanda aka tabbatar rabin maganarsa ƙarya ce.

Masu lissafin sun san da wannan sarai, kuma ba su ɓoye ba. Shi ya sa a tsarin Jøsang ra'ayin wakili ɗaya kan wani yake da sassa uku: gwargwadon yarda, gwargwadon rashin yarda, da gwargwadon rashin sani. Ga baƙo, sashen rashin sani ne ya cinye komai. Ga mai saɓawa sau 50, rashin sanin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, an san shi ciki da bai. Yonghong Wang da Munindar Singh na jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun ƙara da cewa tabbaci ya kamata ya ragu idan shaidun suna karo da juna, ko da suna da yawa. Duk wannan yana cikin takardun bincike. Abin da ke isowa wayar mutum kuwa taurari ne, ko launin kore da ja, ko saƙo ɗan gajere cewa ba ka cancanta ba. A tsakanin ɗakin bincike da kasuwa ake zubar da sashen nan na uku, don lamba ɗaya ta fi sauƙin nunawa, ta fi sauƙin sa wa iyaka a ce duk wanda bai kai kaza ba a rufe masa ƙofa.

Kuma abin ya ma fi haka. Tsare-tsare da yawa ba sa barin baƙo a kashi 50, ƙasa suke tura shi, kuma suna da hujja. Eric Friedman da Paul Resnick sun nuna a 2001 cewa inda duk sabon suna yake da araha, macuci zai ci amana, ya yar da sunan, ya dawo da sabo fes. Idan sabon shiga yana samun kyakkyawan zato kyauta, to an buɗe wa macuci hanyar wanke kansa a kullum. Maganin da ya rage shi ne a ƙuntata wa kowane sabon shiga har ya biya kuɗin baƙunta da haƙuri da ƙananan mu'amaloli, ko kuma a ɗaure kowa da shaida guda wadda ba ya iya canzawa. Ma'ana, laifin macuci mai gaskiya ne ke biyansa.

Yanzu a dubi wane ne baƙo a idon na'ura a nan Damagaram. Dattijon da ya tsufa yana sayar da hatsi a kasuwar Dole, wanda kalmarsa ta isa a loda masa mota daga Matamaye ba tare da ya ajiye ko dala ba, baƙo ne, don duk cinikinsa hannu da hannu ne da littafin bashi a ƙarƙashin tabarma. Matar da ke tuya a cikin gida a Birni, wadda zubin adashenta bai taɓa makara ba, baƙuwa ce, wataƙila ma layin da take amfani da shi da sunan mijinta ko ɗanta aka yi masa rajista. Makiyayin da ke saukowa daga wajen Tanut sau biyu a shekara, ya sayar da bijimi ya koma inda babu rezo, baƙo ne. Matashin da aka sace wa waya ya sayi sabon layi ya koma baƙo ranar nan. Wanda na'ura ta sani shi ne ma'aikacin da albashinsa ke bi ta banki, da ɗan birnin da komai nasa ke cikin waya. Idan aka kawo mana tsarin da ke ɗaukar rashin tarihi a matsayin rabin laifi, to an mayar da mafi yawan masu amanar garin nan abin zargi, kuma ba za su ma san dalili ba.

Kasuwarmu ta daɗe da sanin matsalar baƙo, kuma ba ta warware ta da ƙirga ba. Je ka kasuwar dabbobi ka tsaya kusa da turken wani dillali. Buzu ya iso da bijimai biyu, ƙurar hanya har gira, babu wanda ya san shi. Mahauci ya zagaya dabbar, ya danna ƙugu, ya duba haƙora, ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Kafin ya zaro kuɗi sai ya ja dillalin gefe.

"Alhaji, ka san mutumin nan kuwa?"

"A gidana ya sauka. In wata magana ta taso, ni za a nema."

Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Mahaucin bai samu labarin tarihin Buzun ba ko kaɗan. Abin da ya samu shi ne mutumin da zai kama in dabbar ta zama ta sata, mutumin da gidansa da sunansa da la'adarsa ta gobe duk suna nan cikin gari. Haka fatake suka yi ta yi tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin Tarabulus da Gadamas ke sauka a Zango ana ba da kaya bashi a jira har wata shekara. Haka kuma Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu a shekarun 1960: ana ba mahautan Yarabawa shanu bashi, in mahauci ya gaza biya maigidan da baƙo ya sauka wurinsa shi ke biyan mai shanu. Lamuni ke nan. Baƙo yana aron sunan wanda aka sani, wanda aka sanin kuma yana sa wuyansa.

Wakilan manhaja su ma suna tambayar juna, kada a ce ban yi musu adalci ba. Idan wakili bai taɓa hulɗa da wani ba, sai ya nemi shaidar wasu. Tsarin TRAVOS da masu bincike a jami'ar Southampton suka gina yana auna kowane mai ba da shaida da yadda shaidunsa na baya suka dace da abin da ya faru, wanda ya saba yabon banza a rage nauyin maganarsa. Idan shaida ta bi ta hannu da yawa, ana rage ta a kowane mataki: ka yarda da wane kashi 90, shi ya yarda da wane kashi 90, shi ma haka da na gaba, in an ninka sai a tashi da kusan kashi 73. EigenTrust, da aka fitar a jami'ar Stanford a 2003 don masu musayar fayil ta intanet, yana tattara irin wannan daga kowa da kowa ya fitar wa kowa matsayi. Dabaru ne masu kyau. Sai dai a mafi yawansu, abin da mai shaidar zur ke asara shi ne ɗan nauyin magana. Ba ya biyan ko tamma. Shi ya sa John Douceur na cibiyar binciken Microsoft ya yi gargaɗi tun 2002 cewa mutum ɗaya na iya ƙirƙirar sunaye ɗari su yi ta yabon juna, in babu wata hukuma da ke tabbatar da cewa kowane suna mutum guda ne. Su kansu masu EigenTrust sai da suka sa a fara da wasu ƴan amintattu da aka zaɓa da hannu. Lissafin ya zagaya ya dawo yana neman wanda aka riga aka sani.

Shaidar da ba ta da tsada tana kuma karkata wajen daɗin baki. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, inda aka fara ba mai saye da mai sayarwa damar yi wa juna shaida tun shekarun 1990, bincike ya nuna kusan kashi 99 cikin 100 na shaidun yabo ne, don kowa na tsoron ramuwa. Sai a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida. A garin da kunya da kara suka yi ƙarfi irin namu, inda mai kabu-kabun da ya ɗauke ka ƙanin abokinka ne, wa zai danna masa tauraro ɗaya? Za a cika allo da yabo, ainihin maganar kuwa a yi ta a majalisa bayan la'asar, inda na'ura ba ta ji.

Akwai wani gibin da ya fi wannan ci mini rai: lissafin yana ƙirga abin da ya faru, ba ya tambayar dalili. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Ɗan kasuwar da ya yi alkawarin kai wake Kano ya kasa, wanda ke jiran kuɗinsa daga can don ya biya bashi ya makara, mai sayar da ƙanƙara ya zauna hannu rabbana. Kowa a kasuwa ya san abin da ya faru, aka yi wa juna uzuri, aka ɗaga lokaci. A littafin wakilin manhaja kuwa duk saɓa alkawari ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma zai raba wa sauran wakilai wannan labari. Haka ma idan hidima ɗaya ta bi ta hannu da yawa. Kuɗin da ka tura ya bi ta mai shagon unguwa, ta layin sadarwa, ta na'urar kamfani, ta banki. In ya makale, akwai lissafin da ke ƙoƙarin raba laifin tsakaninsu bisa tarihin kowanne, amma ƙiyasi ne kawai, kuma wanda ke tsaye gaban mai kuɗi yana shan faɗa shi ne yaron da ke cikin shagon. Ina tsoron shi ne kuma makinsa zai fi saurin faɗuwa, don shi ne ba shi da lauya.

Malamanmu na hadisi sun yi aikin auna mutane fiye da shekara dubu da ta wuce, kuma sun kafa ƙa'idojin da duk mai gina irin wannan tsari ya kamata ya zauna ya karanta. Sun raba majhuli, wanda ba a san halinsa ba, da maƙaryaci. Ba a kafa hujja da ruwayar majhuli, gaskiya ne, amma ba a rubuta shi cikin maƙaryata, kuma da zarar amintattu sun san shi sun yi masa shaida, matsayinsa ya canza. Sun lura da mai ruwayar da ƙwaƙwalwarsa ta rikice a ƙarshen rayuwa, suka karɓi abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar suka ajiye na bayanta. Sun yi taka-tsantsan da sukar da tsara ke yi wa tsara. Babbar ƙa'idar kuma, a ra'ayin da ya fi rinjaye, ita ce ba a karɓar suka sai an bayyana dalilinta, don sau da yawa in aka tambayi mai suka sai a tarar abin da ya gani bai kai ya zubar da mutum ba. An ruwaito cewa an tambayi Shu'uba me ya sa ya bar ruwayar wani, ya ce ya gan shi yana sukuwa a kan dabba. Da ba a tambaya ba, da mutumin ya tafi da tabo har abada.

Turai ma ta fara gane haka. Dokarsu ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, kuma a Disamban 2023 kotun Tarayyar Turai ta ce makin bashin da kamfanin Schufa na Jamus ke fitarwa shi kansa hukunci ne, matuƙar banki na dogara da shi sosai wajen hana rance. Kenya kuwa ta koya da wahala. An yi ta jefa mutane cikin jerin marasa biya kan ƙananan basussukan waya, har sai da babban bankin ƙasar ya hana a 2020 a sa sunan kowa saboda bashin da bai kai shilin 1,000 ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ƙofa ce da ya kamata a ƙwanƙwasa tun kafin makin ya zama ruwan dare.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Lamuni ma yana da nasa zalunci. Wanda ba shi da maigida ba shi da shiga. Yaron da ya ce daga unguwar Kara-Kara yake, an gama yanke masa hukunci kafin ya rufe baki. Mace mai sana'a sai ta nemi namijin da zai tsaya mata. Dillalai ma ba waliyyai ba ne, akwai masu cin baki biyu, akwai masu haɗa kai su danne baƙo. A nan ƙirga tana da alherinta: ba ta san unguwa ba, ba ta san dangi ba, in ka cika alkawari sau 50 ta rubuta 50. Ga yaron Kara-Kara wannan na iya zama karo na farko da za a auna shi da aikinsa. Don haka ba kira nake a bar lissafi a koma turke ba. So nake a haɗa su, kuma ina ganin ana iyawa.

A bar mutumin da tsarin ya sani ya tsaya wa wanda bai sani ba, da sharaɗin in wanda ya tsaya wa ya ci amana, makinsa ya taɓu, wani abu daga aljihunsa ma ya fita, in kuma ya cika, shi ma ya samu ladan tsayawa. Uwar adashe ta iya tsaya wa matan da ke zubi a wurinta, don ta fi kowace na'ura sanin wadda ba ta fashi. Sarkin pawa da shugabannin ƴan kabu-kabu da na ƴan hatsi su samu irin wannan dama, amma kada a taƙaita ta gare su kaɗai, don kada a sake gina tsohuwar katanga a cikin waya. Malamin makaranta ma ya iya tsaya wa ɗalibinsa, maigidan gareji ya tsaya wa yaronsa. Duk inda aka nuna maki a nuna mu'amala nawa aka gina shi a kai, wanda ba shi da tarihi a rubuta ƙarara cewa ba a san shi ba tukuna. Wanda aka hana abu a faɗa masa dalili da Hausa, da murya in ba ya karatu, a kuma ba shi mutum mai rai da zai kai wa ƙara.

Kamfanin da ke Nairobi ko Paris ba zai zauna ya tsara mana wannan ba, don bai san uwar adashe ba. Ɗaliban lissafi da kwamfuta na jami'ar André Salifou su ne ke da kasuwar Dole a bakin ƙofa. Tambayoyin bincike na gaske suna nan jibge: nawa ya kamata mai lamuni ya yi asara don kada ya tsaya wa kowa da kowa, amma kada ya ji tsoron tsaya wa kowa? Mutum nawa mutum ɗaya zai iya ɗauka? Yaya za a gane ƙungiyar da ke tsaya wa juna don su kwashe su gudu? Dillalan kasuwar dabbobi suna da amsoshin da suka gwada da dukiyarsu, kuma in an je da ladabi aka zauna kan tabarmarsu za su faɗa.